Harsashin da ke kai wa zuciyar ɓauna

Habu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar harsashi za mu yi, wanda ake farautar manyan namun daji da shi bisa lasisi, kamar yadda ake yi da rani a yankunan farauta na arewacin Kamaru, kewayen dazuzzukan Benuwe da Faro da Buba Njida, da kuma Tanzaniya da Zimbabuwe. Ina tare da Baba Sarkin Baka, da Dakta Jummai likitar dabbobi. Baba, Allah ya ja zamaninka.

Sarkin Baka: Amin Habu, barka kadai. Dakta, sannu da zuwa.

Dakta Jummai: Yauwa Baba, sannunmu.

Habu: Baba, yawancin masu tambaya girman bindiga suke tambaya. Wace ce ta isa ɓauna?

Sarkin Baka: Wannan doka ta riga ta amsa. Tanzaniya ba ta yarda a harbi ɓauna da abin da ya gaza .375 ba, wato harsashi mai kaurin inci 0.375. Zimbabuwe kuwa ta ce kaurin harsashi ya kai milimita 9.2, ƙarfinsa kuma jul 5,300. Shi ya sa ko'ina za ka ga .375 H&H, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da ita a 1912. Tana jefa harsashi mai giren 300, wato giram 19 da ɗoriya, da gudun mita 770 a sakan. Akwai 9.3x62 ta Otto Bock ɗan Jamus, ta 1905, da .416 Rigby ta 1911 mai giren 400. Amma Habu, bindiga aike kawai take yi. Kwanso da albarushi nan suke ƙarewa a wurinka. Kan harsashin shi kaɗai ne ke isa ga dabba, kuma a kansa ne mutane suka fi yin sakaci.

Habu: To Dakta, me yake tararwa idan ya isa?

Dakta Jummai: Ka ɗauki ɓauna ta tsaya ta ba ka gefe. Da farko fata mai kauri, sau da yawa da busasshen taɓo a kanta. Sai tsokar kafaɗa, sai ƙashin karfata, sai haƙarƙari, kuma haƙarƙarin ɓauna faffaɗa ne, kusan a jere yake ba rata. Bayan duk wannan ne ake samun huhu da zuciya. Zuciyar kuma ƙasa take, ba tsakiyar jiki ba. Ka bi layin ƙafar gaba ka hau, kashi ɗaya cikin uku na tsayin ƙirji, nan ne wurin. Idan ta juya ta ba ka baya kaɗan, to aiki ya ƙaru, don sai harsashi ya ratsa tumbi cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa, kuma babu abin da ke cinye gudun harsashi kamar wannan.

Sarkin Baka: Madalla. To a nan harsasai suke bambanta. Harsashi mai buɗewa, ana so kansa ya baje kamar laimar kwaɗi, ya kai kusan ninki biyu na kaurinsa, amma gindinsa ya zauna daram ya ci gaba da tura shi. Na gargajiya darma ce aka zuba cikin siririyar rigar jan ƙarfe, ba a manne su ba. A kan maraya ko kanki, da gudu matsakaici, ba laifi yana aiki. Amma ka harba shi daga kusa, yana kan cikakken gudunsa, ya daki ƙashin kafaɗar ɓauna, sai rigar ta tsage ta rabu da darmar. Darmar ta watse. A waje ka ga rauni mai faɗi, a ciki kuwa ko huhu ɗaya bai huda ba.

Dakta Jummai: Kuma dabba mai huhu ɗaya lafiyayye tana iya yin tafiyar sa'o'i. Tana wahala, sannan ta shiga gamba mai tsawo ta laɓe. Masu bin sawu ne a gaba, su ne za su fara haɗuwa da ita. Ni wannan ne ya sa ba na ɗaukar zaɓen harsashi da wasa.

Habu: Ya aka yi maganin wannan rabuwar?

Sarkin Baka: Hanya uku. Ta farko ta John Nosler ce, Ba'amurke. A 1946 ya harbi wata ƙatuwar dabba da ake kira mus a Kanada, jikinta duk taɓo, harsasansa suka tarwatse ba su shiga ba. Ya koma ya ƙera Partition, aka fara sayar da shi a 1948. Katanga ce ta jan ƙarfe a tsakiyar harsashin, darma gaba, darma baya. Ta gaba ta buɗe, ko ta zube gaba ɗaya, ta baya na nan a kulle. Yakan tsira da wajen kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na nauyinsa. Ta biyu, a manne darmar da rigar yadda ba za su rabu ba, irin su Woodleigh Weldcore na Ostireliya da Trophy Bonded Bear Claw. Swift A-Frame ya haɗa biyun, ga katanga ga manni, yakan riƙe sama da kashi 90. A ganina shi ne harbin farko na ɓauna. Ta uku, a cire darmar baki ɗaya. Barnes suka fito da X a 1989, sannan TSX a 2003. Jan ƙarfe zalla, da rami a hanci, ya tsage gida huɗu ya lanƙwashe baya. Kusan ba ya rasa komai na nauyinsa.

Habu: To ai magana ta ƙare, kowa ya sayi na jan ƙarfe.

Sarkin Baka: A'a, tsaya tukuna. Jan ƙarfe ya fi darma tauri, sai da gudu yake buɗewa. Idan ya isa dabba da gudun da ya gaza wajen mita 550 a sakan, yana iya wucewa siriri bai buɗe ba. Wannan na faruwa a harbin nesa. Sannan bai kai darma nauyi ba, don haka a nauyi ɗaya ya fi tsawo, kuma dogon harsashi sai zaren cikin bututu, wato murɗaɗɗen tsagin da ke cikin bututun bindiga, ya murɗa shi da sauri kafin ya tafi a miƙe. In zaren bai isa ba, za ka ga ramin da ya yi a takardar gwaji ya fito a karkace. Shi ya sa a bindiga .30-06 wanda ya saba da giren 180 na darma ake ce masa ya sauko 165 ko 168 in na jan ƙarfe ne.

Dakta Jummai: Amma Baba, bari in tsaya wa na jan ƙarfe ta fuskar nama. Idan aka ɗauki hoton ƙashi na dabbar da aka harba da darma, ana ganin ɓarɓashi birjik nesa da hanyar harsashin, ƙanana ƙwarai, wuƙa ba ta ganinsu. Naman nan kuwa ƙauyukan da ke kewaye ake raba wa, yara na ci, kuma darma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Kayan cikin da aka bari a daji ungulu ke cinyewa, ga ta dama tana ƙarewa a Afirka. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da darma gaba ɗaya tun Yulin 2019. Wanda ya yi amfani da na darma, ya yanke naman da ke kewaye da raunin da yalwa, ya binne shi tare da kayan ciki.

Sarkin Baka: Gaskiyarki, ban musa ba.

Habu: Nauyi fa, Baba? Ya mutum zai gane wanda zai nutsa?

Sarkin Baka: Akwai lissafi mai sauƙi. Ka raba giren da 7,000, abin da ya fito ka raba shi da kaurin harsashin a inci, ka sake rabawa da kaurin. Giren 300 a .375 zai ba ka 0.305. Giren 400 a .416, 0.330. Giren 180 a .308, 0.271, na 150 kuma 0.226. Mai babbar lamba ya fi nutsawa, dabba mai kaurin fata kuma ana so a kai 0.300. Gwanki, da yakan kai kilo 250 zuwa 300, giren 180 mai manni ya ishe shi.

Habu: Saura dunƙulallen da ba ya buɗewa.

Sarkin Baka: Wannan na giwa ne da dorina, inda doka ta ba da dama, don sai an ratsa ƙashi mai kaurin gaske. Ka nemi mai shafaffen hanci, ya fi mai mulmulallen hanci tafiya a miƙe cikin nama. A ɓauna, tsarin da aka saba shi ne mai buɗewa a sama cikin gidan harsashi, dunƙulallu a ƙasansa don harbi na biyu idan ta juya da gudu. Amma kada a fara da dunƙulalle a cikin garke. Zai fita ta ɗaya gefen ya raunata wadda ke bayanta, ka samu ɓauna biyu a ciyawa maimakon ɗaya.

Dakta Jummai: Zaki da damisa kuwa akasin haka ne. Fatarsu siririya ce, jikinsu ba zurfi, harsashi mai tauri sosai zai wuce kafin ya buɗe.

Habu: Mutum ya zaɓa, ya saya. Sai daji?

Sarkin Baka: Sai filin gwaji. Ka harba mai buɗewar da dunƙulallen a mita 50, ka tabbatar wuri ɗaya suke sauka, ko tazararsu ba ta wuce santimita 5 ba. Ka cika gidan harsashi, ka ja sakata da ƙarfi da sauri, ka ga kowane ɗaya ya hau ya fita, don mai shafaffen hanci yakan toge a bakin ɗaki, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu. Ka harba biyu, ka zaro na ƙasan ka auna tsawonsa. Shurin bindiga yakan tura kan harsashi cikin kwanso idan ba a matse bakin kwanson da kyau ba, kuma hakan na ƙara matsin albarushi. Ka jiƙa tsofaffin jaridu, ka jera su a tsaye tsawon mita ɗaya, ka harba, ka tono harsashin ka ɗora a sikeli.

Dakta Jummai: Ga zafi kuma. A Garwa ta Kamaru a watan Maris zafi kan haura digiri 40.

Sarkin Baka: Shi ne. Kada a bar kwali a gaban mota rana na dukansa. Albarushi ya yi zafi, matsi ya hau, kwanso ya maƙale, sakata ta ƙi ɗagawa a lokacin da ake bukatar harbi na biyu. A aje shi a inuwa cikin jaka, kuma wanda za a tafi da shi daji ya zama daga rukunin da aka saita bindigar da shi, lambar rukunin na nan a jikin kwali.

Habu: Baba, Dakta, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.