Jakar da Ba Kai Ka Ɗaure Ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da 'yan'uwa, na baya ku matso, lasifikar nan ba ta kai muku. An ce in yi magana kan abin da ke samun matafiyi a ƙasar waje, to da kaina zan fara, don kada a ce malam ya zo yi wa mutane dariya.

Tafiyata ta farko, ana gobe zan tashi, wata gwaggona ta aiko yaro da ƙullin leda, an naɗe shi da salatif kamar layar ɗan dambe. Wai sallahu ne, in kai wa 'yarta da ke aure can. Wa zai kwance ƙullin gwaggo? Na cusa a jaka. Da muka sauka, jakar ta bi ta na'ura, sai jami'i ya yafito ni. Ya sa wuƙa ya farke ledar, ga wani gari kore shar, ga wasu fararen duwatsu, ga wani baƙin curi da warinsa ya sa na kusa da shi ya toshe hanci. Kuka ce da kanwa da daddawa. (Dariya.) Ku kuna dariya, ni a lokacin gumi ya jiƙa min 'yar ciki. Ya ce mene ne wannan? Jama'a, Larabcin da na yi shekaru ina karanta Ishmawi da Risala da shi, babu kalmar daddawa a ciki. Awa uku ina zaune a wani ɗaki mai sanyi, fasfona na hannunsu, kafin a gwada garin a sallame ni. Tambayar da ta fi tsaya min ita ce ta farko: kai ka ɗaure wannan kayan? Ban iya cewa e ba, ban iya cewa a'a ba.

Ni kuka ce ta tare ni, shi ya sa nake gabanku. A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a masaukinta a Madina, ta je Umara da mahaifiyarta. Wata jaka ce aka samu ɗauke da ƙwayar tramadol, an maƙala mata lamba da sunan yarinyar tun daga filin jirgin Kano, ita ba ta taɓa ganin jakar ba. Sai da bincike a nan gida ya kai ga wasu ma'aikatan filin jirgi, gwamnati ta sa baki, sannan aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Wata huɗu ke nan. Kun kuma san hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne. Don haka idan an auna kayanku, ku tsaya ku ƙirga 'yan takardun da aka liƙa a bayan tikiti. Jaka biyu ka bayar, takarda biyu za ka gani. Ka ga uku, kada ka ɗaga ƙafa daga wurin.

Mu kunya ke kashe mu. Mutum ya tare ka a bakin layi, Alhaji don Allah nauyina ya wuce, ɗan riƙe min wannan, kai kuma kara ta hana ka cewa a'a. Ni yanzu ko ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya, a gabansa nake zazzage sallahunsa. Gwaggo ta yi fushi da ni wata biyu, ta huce.

Goro ma, Alhazai, an hana shiga da shi Saudiyya, kullum ana faɗa a bita, kullum sai an samu mai ɗinke shi cikin matashi. Maganin asibiti kuwa, a bar shi cikin kwalinsa, a haɗa da takardar likita. Masu zuwa Ingila, kilishi ba ya shiga.

Sai takardu. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg saboda katin rigakafin shawara, wannan ruwan ɗorawan, ta ce ba ta yarda da ingancinsa ba. Har sai da ƙasashen biyu suka yi cacar baki. Ku je a yi muku allurar da gaske, ku daina sayen kati a hannun 'yan bakin ƙofa. A Satumbar 2012 ɗin dai, mata maniyyata kusan 1,000 aka tsare a Jidda da Madina kan batun muharrami, aka dawo da da yawa ba su ga Ka'aba ba. Wasu da mazansu suka je, amma sunan ƙarshe bai zo ɗaya ba, tunda matanmu sunan uba suke riƙewa. Yanzu an sassauta dokar muharrami, sai dai harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin fasfo da biza har gobe yana iya kwanar da mutum a benci. Kuma ƙasashe da yawa sai fasfo yana da sauran wata 6.

Na ga ladan ya miƙe. Hajiya a can baya tun ɗazu hannunki ke sama, a miƙa mata abin magana, mu ɗauki tambaya ɗaya kafin a kira salla.