Wa Zai Zauna a Asibitin Ƙauye?

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu malamai, da ku 'ya'yana sababbin likitoci, abubuwa huɗu zan taɓo kan yadda za mu riƙe likita a karkara: kuɗi, wurin aiki, irin ɗalibin da muke ɗauka ya karanci likitanci, da kuma tilastawa.

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, amma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da na Nasarawa, da na ƙashi da ke Dala, dukkansu a cikin birni suke. Matar da naƙuda ta tsananta mata a Doguwa, can bayan dajin Falgore, ko jini ya ɓalle mata a wani ƙauyen Sumaila, ba za ta iya jiran tafiyar sa'o'i a mota ba. Tana buƙatar wanda zai yi mata tiyata a kusa, a daren nan.

Maganar kuɗi ba sai na tsawaita ba. A biya alawus na karkara, a biya shi kan lokaci. Amma gwamnatin jiha ba za ta iya gasar albashi da Ingila ko Saudiyya ba, don haka kuɗi kaɗai ba zai riƙe likita ba.

Bari in tsallaka zuwa abin da ya fi damuna, wato wanda muke ɗauka. A shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan yadda za a riƙe ma'aikatan lafiya a karkara, kuma daga cikin waɗanda suka fi ƙarfi akwai cewa a riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara, domin su ne suka fi komawa su zauna. Ƙasar Tailan ta kama wannan hanya tun 1994: ta keɓe gurabe ga 'ya'yan karkara, ta horar da su a asibitocin larduna, sannan ta mayar da su yankunansu. Ku duba namu tsarin. Yaron da ya yi sakandare a Kunchi ko Rogo, wataƙila a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, shi ne muke cewa ya yi gasar maki da wanda ya fito daga makarantar kuɗi a cikin birni. Gurbin sai ya tafi ga ɗan birni, bayan shekara shida kuma mu tura shi inda bai san kowa ba, mu yi mamakin yana neman canji. Ku da kuke baya, ina fata kuna jina. Ɗan Rogo ba baƙo ba ne a Rogo. Mahaifiyarsa tana can, ya san hanyar da ke yankewa da damina, ya san yadda zai shawo kan maigidan da ya ƙi a yi wa matarsa ƙarin jini. Ban ce a sassauta jarrabawa ba. Cewa na yi kowace ƙaramar hukuma ta zaɓi haziƙanta, a yi musu shekarar share fage, a ɗauki nauyinsu bisa yarjejeniyar za su dawo. Ina maimaitawa, a ɗauki nauyinsu tun daga farko.

Sai na huɗu, tilastawa. Bautar ƙasa tun 1973 take tura matasa, Afirka ta Kudu ma ta wajabta wa likitoci shekara guda ta hidimar al'umma a 1998. Tilas tana kai mutum, amma da wa'adin ya cika sai ya ɗaure kayansa. Wurin aiki kuwa, gida da ruwa da wutar sola da wurin ajiyar jini su ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a tanada.

Ga 'yata can ta ɗaga hannu. Tana tambaya: idan ta tafi ƙauye, yaushe za ta samu horon ƙwarewa, alhali takwarorinta na birni sun riga ta? 'Yata, tambayarki ita ce ainihin abin da ke hana yawancinku tafiya. Shawarata ita ce duk wanda ya yi shekara biyu a babban asibitin karkara a ba shi fifiko wajen shiga horon ƙwarewa, gwamnati ta biya masa kuɗin jarrabawa, kuma manyan likitoci su riƙa kai masa ziyara suna tiyata tare da shi. A rubuta wannan a cikin takardar ɗaukarki aiki, ki karanta ta kafin ki sa hannu.