Lacca: Idan Firintar Risit Ta Fara Shirme

Assalamu alaikum. Na can baya, ana ji na? To madalla.

Wannan 'yar firintar da ke kan teburin mai kemis ko akawun siton hatsi, daga nan Gumel har Maigatari, ba ta zana shafi kamar babbar firintar ofis. Lambobi take karɓa daga kwamfuta, kowace lamba ta zaɓo mata harafi ɗaya daga jadawalin da ke cikinta. Yawancin shirmen da kuke gani a takarda daga nan yake.

Kafin ka taɓa kwamfuta, fara tambayar firintar. Kashe ta, danne maɓallin FEED, ka kunna hannunka na kai. Za ta fitar da takardar gwaji. In rubutun ya fito tsaf, lafiyarta ƙalau, nemi laifin a wayar da ta haɗa ta da kwamfuta ko a kwamfutar. In farar takarda ta fito, kada ka ce kan firinta, wato sashen da ke buga rubutu a takarda, ya ƙone tukuna. Ba ta aiki da tawada, zafi ne ke baƙanta takardar, kuma fuska ɗaya kawai. Karce takardar da farce: fuskar da ta yi baƙin layi ita ce za ta kalli kan firinta. Sau da yawa juya nadin kawai ake yi. Rubutu dishi-dishi kuwa, ko ƙurar hunturu ce, ko wuta ta yi ƙasa. Kashe, bari ta huce, ka goge kan da auduga da ɗan sifirit. Firintoci masu takarda mai faɗin milimita 80 galibi volt 24 suke sha, saboda haka kada a ɗauko adaftar wata na'ura don kawai bakinta ya shiga.

Sai direba, wato manhajar da kwamfuta ke amfani da ita wajen magana da firinta. A Windows akwai wanda ake kira Generic / Text Only, haruffa zalla yake turawa. In ka ba ta direban wata firinta, za ta yi ta aman takarda cike da alamomi. Kashe ta, goge duk aikin da ke layin jira, sannan ka canza direban, in ba haka ba tana kunnuwa za ta ci gaba. Mai haɗa firinta da wayar siriyal kuma, gudun tura lambobi da ke rubuce kan takardar gwaji, misali 9600, shi za ka sa a kwamfuta.

Yanzu wanda ya fi damun mu Hausawa. Malam ya rubuta "ƙwaya", takarda ta fito da "╞Öwaya". Me ya faru? A tsarin UTF-8 da kwamfuta ke adana rubutu da shi, harafin ƙ lambobi 2 ne, haka ɗ da ɓ. Ita kuwa firinta tsohon jadawalin nan na 437 take dubawa, wanda babu haruffanmu masu lanƙwasa a ciki, sai ta ɗauki kowace lamba harafi daban. Alamar naira lambobi 3 ce, shi ya sa tarkace uku ke fitowa gaban farashi. Canza wayar firinta ba zai gyara wannan ba, kada mai gyara ya ci kuɗinka. A risit ka rubuta k, d, b da N kawai. Abin da ciwo, na sani, amma in dole sai lanƙwasa ta fito, sai a koma direban kamfanin firintar, wanda ke tura shafin a matsayin hoto.

Na'am, Alhaji? Farashi yana faɗowa layin ƙasa? Ƙirga haruffanka. Takarda mai milimita 58 haruffa 32 take ɗauka a layi, mai 80 kuma 42 ko 48, har da giɓin da ke tsakanin kalmomi. Kuma ka jera da giɓi, ka bar maɓallin Tab.

In kuma layuka suna sauka kamar matakala, wannan ya fi faruwa a firinta mai allura da ribon. Ƙarshen layi lambobi biyu take jira: 13 ta mayar da kai farkon layi, 10 ta sauko ƙasa. Fayil ɗinka 10 kaɗai ya tura. Kunna Auto CR a saitinta.

Wanda jimillar kuɗinsa ke maƙalewa ciki ba ta kai bakin yanka ba, ya ƙara layuka 4 ko 5 marasa rubutu a ƙarshen fayil. An kira la'asar, bayan salla kowa ya kawo tasa mu gwada.