Jawabi Kan Gano Ciwon Dajin Tumbi Tun Yana Ƙarami

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa, ina godiya da wannan dama.

Abin da ya sa ciwon dajin tumbi yake da wuyar kamawa shi ne, a farkonsa ba shi da wata alama tasa ta kansa. Mutum zai ji ƙwannafi, ko kumburin ciki, ko ya ƙoshi bayan loma kaɗan, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa olsa ce, ya sayi maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole, zafin ya lafa, alhali kuwa abin da ke ƙarƙashi yana nan yana girma. Maganin ba shi da laifi. Laifin yana wurin shan sa wata da watanni ba tare da likita ya duba ba.

Akwai alamomin da bai kamata a kwana da su ba: rama ba dalili, wahalar haɗiye abinci, amai mai yawan dawowa ko mai jini, bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, da ƙarancin jini.

Gwajin da ke tabbatar da cutar shi ne na'urar hangen ciki, wato siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki, likita ya ga bangon tumbi da idonsa, ya tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Na san sunan aikin kaɗai yana tsorata wasu, amma mintuna kaɗan ne, kuma ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro. Idan aka tarar da ciwon bai wuce fatar ciki ta tumbin ba, fiye da kashi 90 cikin 100 na marasa lafiya suna kaiwa shekara biyar a raye, sau da yawa ma ta bututun ake cire shi. Shi ya sa Koriya ta Kudu take duba 'yan shekara 40 zuwa sama duk bayan shekara biyu.

Babban mai share wa cutar hanya shi ne ƙwayar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a 1982, kuma ana kashe ta da magani. Duk wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya taɓa yin wannan ciwo, ya faɗa wa likitansa, ya nemi gwajin numfashi ko na bayan gida. Sai dai a tuna, ana dakatar da omeprazole mako biyu kafin gwajin, domin yana iya ɓoye ƙwayar.