Cocin da ya koma masaukin mutum dubu uku a tsakiyar Johanasbag

To jama'a barkanku da sake saduwa, yau Afirka ta Kudu za mu leƙa, tsakiyar birnin Johanasbag, kan titin Pritchard dab da babbar kotun birnin. Akwai wani gini a wurin mai hawa da yawa, in ka gan shi daga waje ba ma za ka ce wurin ibada ba ne, kamar ofis yake. Sunansa Central Methodist, babban cocin ɗariƙar Metodis na cikin gari. A shekarar 2008 zuwa 2009 in dare ya yi mutum wajen dubu uku ne ke kwana a cikin ginin nan, wasu kan bencin ibada, wasu a ƙasa, wasu kan matattakalar bene kowa da hawansa ɗaya, har sai ka tsallake mutane kafin ka wuce. Yawancinsu 'yan Zimbabuwe ne.

Me ya kawo su? Ku tuna halin da Zimbabuwe ke ciki lokacin. A 2005 gwamnatin Robert Mugabe ta bi unguwannin talakawa da rusau, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum wajen dubu ɗari bakwai ne suka rasa muhalli ko sana'a. Sai ga zaɓen 2008 tsakanin Mugabe da jagoran adawa Morgan Tsvangirai, aka bi magoya bayan adawa da duka da kisa. Kuɗin ƙasar kuma ya zama takarda kawai, a farkon 2009 har takardar dala tiriliyan ɗari ta Zimbabuwe aka buga, guda ɗaya fa, kuma ba za ta cika maka kwandon cefane ba. Ga kwalara ta ɓarke ta kashe sama da mutum dubu huɗu. To mutum ya zauna ya yi me? Sai aka yi ta kwarara kudu, ana tsallaka kogin Limpopo, ga kada a ruwa ga 'yan fashi a daji masu tare hanya su ƙwace kaya su yi wa mata fyaɗe, wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo ya kai Johanasbag ya sauka a tasha ba ɗan uwa ba kuɗin ɗaki, abin da zai ji a bakin mutane shi ne, ka tafi cocin Metodis, ba sa korar kowa.

Mutumin da ya buɗe ƙofar shi ne shugaban cocin a lokacin, sunansa Bishop Paul Verryn, farar fata ne ɗan ƙasar, kuma ba yau ya fara wannan hali ba. Tun zamanin wariyar launin fata yana zaune a Soweto, unguwar baƙaƙen fata a gefen Johanasbag, yana ɓoye matasan da 'yan sanda ke nema a gidan coci. Daga gidan nan ne ma a ƙarshen 1988 masu tsaron Winnie Mandela suka ɗauke wasu yara, ciki har da Stompie Seipei ɗan shekara 14 wanda daga baya aka tsinci gawarsa. Shi ma cocin na Central yana da nasa tarihin, zamanin Rabaran Peter Storey ya buɗe ƙofa ga baƙi da farare su yi ibada tare lokacin da doka da al'ada duk ba sa son hakan, wasu fararen suka yi fushi suka bar cocin.

Kuma abin yana da tushe a ɗariƙar kanta. John Wesley wanda ya kafa ta a Ingila a ƙarni na 18 wa'azinsa a fili yake yi wa masu haƙar kwal da leburori, yana shiga gidajen yari, ya rubuta littafi yana la'antar cinikin bayi a 1774, kuma wasiƙar da ya rubuta kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a 1791 zuwa ga ɗan majalisar Birtaniya William Wilberforce ce, yana ƙarfafa masa gwiwa kan yaƙi da bauta. Shi ya sa ɗan Metodis in ya ce maka ciyar da mayunwaci ibada ne, ba sabon zance ya ƙirƙiro ba.

To mu dawo cikin ginin. Ba kwana kawai ake yi ba. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, ta buɗe ƙaramin asibiti a nan, ana duba masu tarin fuka da masu cutar ƙanjamau da matan da aka ci zarafinsu a hanya. Aka farfaɗo da wata tsohuwar makarantar Metodis a titin Albert saboda yaran, da yawansu su kaɗai suka tsallako ba uwa ba uba, kuma abin da ya fi burge ni, malaman makarantar su ma 'yan gudun hijirar ne, malamai ne ƙwararru a gida da albashinsu ya daina sayen ko burodi. Yara suna kwana a kan siminti, da safe su sa yunifom su tafi aji, har suna zana jarabawar sakandare ta Cambridge ta Ingila. Akwai ajin ɗinki, akwai na kwamfuta, akwai masu taimaka wa mutane da takardun neman mafaka.

Amma fa kada in zana muku aljanna. Ginin nan ba don kwanan dubban mutane aka yi shi ba, bayan gida ƙalilan ne, suna toshewa, wari tun daga ƙofa. Ana sata, ana faɗa, an ma rasa rai a ciki. Mafi muni, a 2009 aka fara zargin cewa ana lalata da wasu yara mata a wurin, maganar ta kai har kotu ta naɗa wata lauya mai kare haƙƙin yara ta bi kadin yaran da ba su da kowa. 'Yan kasuwa da lauyoyin da ke maƙwabtaka suka kai ƙara saboda waɗanda suka rasa wuri a ciki suna kwana a bakin titi gaban shagunansu. Tsofaffin membobin cocin kuma wasunsu suka daina zuwa, suna cewa an mayar musu da wurin ibada sansani. Kuma gaskiya ni ban ga laifin mai wannan ƙorafin ba.

Hukuma fa? A ƙarshen watan Janairun 2008 'yan sanda suka dira cikin dare suka fasa ƙofofi suka kwashi ɗaruruwan mutane, wai suna neman makamai da ƙwaya da marasa takardu, ƙarshe yawanci sakinsu aka yi. Wata huɗu bayan haka, a watan Mayu, rikicin ƙin jinin baƙi ya tashi daga unguwar Alexandra ya bazu, aka kashe mutum 62, dubbai suka bar gidajensu, wasu kuma ina suka nufa? Cocin nan dai da aka kai wa samame. Mu 'yan Najeriya mun san zafin irin wannan rikici, ko a 2019 sai da aka kwaso ɗaruruwan 'yan uwanmu a jirgi daga can. A tsakiyar 2009 ma an sake kama sama da mutum ɗari uku a ƙofar cocin da laifin zaman banza, daidai lokacin da birnin ke share fage don gasar cin kofin duniya ta 2010.

Abin da nake so ku lura da shi a nan, jami'an gwamnati sun yi ta zuwa suna toshe hanci suna cewa wurin bai dace da zaman ɗan Adam ba, kuma gaskiyarsu ce, amma in aka ce to ina za a kai mutanen sai a yi shiru ko a kawo wurin da ba zai ɗauki ko rabinsu ba. Amsar Verryn kullum ɗaya ce, cewa cikin cocin duk lalacewarsa ya fi titin Johanasbag da daddare, musamman lokacin sanyi. Masu sukarsa kuma suka ce shi mutum ne da bai iya cewa a'a ba, kuma duk shawara a hannunsa take shi kaɗai, har mutane na layi a ƙofar ofishinsa zuwa tsakar dare.

A Janairun 2010 shugabannin cocin Metodis na kudancin Afirka suka dakatar da shi, cikin dalilan har da zuwa kotu kan batun yaran ba da izininsu ba, daga baya ya koma bakin aiki. Wa'adinsa a Central ya ƙare a ƙarshen Disambar 2014, hukumar cocin kuma ta ce ba za ta iya ci gaba ba, ga bashin wuta ya taru, gini ya lalace. Aka ce kowa ya fita. Lokacin saura 'yan ɗaruruwa, wasu aka sama musu wuri a Soweto, wasu suka kama haya a tsofaffin benayen cikin gari, wasu suka ɗauki jakarsu suka koma titi.