Akta ne ko maƙaryaci? Abin da ke cikin kan jarumin Shutter Island

[Hoto: jirgin ruwa yana fitowa daga cikin hazo]

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda guntayen fim ɗin nan suka fara yawo a TikTok da fassarar Hausa, gardama ta ƙi ƙarewa. Daga teburin mai shayi a Mabera har wajen masu tura finafinai a waya a Gawon Nama cikin garin Sakkwato, magana ɗaya ake maimaitawa: "Ashe wanga akta maƙaryaci na! Sama da awa biyu shina yi muna ƙarya!" Wasu kuma su ce, "Mahaukaci na, a kai shi Kware a huta," wato asibitin ƙwaƙwalwa da ke can.

Wanda bai kalli fim ɗin ba ya dakata nan, don yau zan fasa ƙwai.

[Hoto: ƙofar asibiti, masu gadi riƙe da bindigogi]

A gurguje. Martin Scorsese ne ya ba da umarni, ya fito a 2010, daga littafin Dennis Lehane na 2003. An kafa labarin a 1954. Leonardo DiCaprio ya fito a matsayin Teddy Daniels, jami'in tsaro na gwamnatin Amurka, wanda aka tura wani tsibiri kusa da Boston inda ake tsare masu taɓin hankalin da suka yi kisa. Wai wata mata ce ta ɓace daga ɗakinta. Yana tare da abokin aikinsa Chuck. A ɓoye kuma yana farautar wani Andrew Laeddis, wanda ya ce shi ya sa gobarar da ta ci matarsa.

A ƙarshe babban likitan asibitin ya zaunar da shi: kai ne Andrew Laeddis. Shekara biyu kana kwance a nan. Chuck likitanka ne. Matarka ba gobara ta ci ba, ita ta nutsar da 'ya'yanku uku a tafki, kai kuma ka harbe ta.

[Shiru. Fuskarsa kawai]

To nan ne mutane suke sauka daga kan hanya, kuma nan zan daɗe.

Maƙaryaci mutum ne da ya san gaskiya, ya ajiye ta gefe, ya miƙo maka wata. Teddy ba shi da gaskiyar da zai ajiye. Lokacin da yake cewa gobara ta kashe matarsa, abin da ya samu a cikin kansa ke nan in ya leƙa. Ko rantsuwa aka ba shi zai yi, zuciyarsa a natse. Kafin ya ruɗe mu, shi aka fara ruɗewa, kuma wanda ya ruɗe shi yana cikin ƙoƙon kansa.

Ku lura da abin da yake gudu. Bai fi tsoron kisan da ya yi ba. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne ya san matar ba ta da lafiya. Ta faɗa masa da bakinta. Ya kau da kai, ya shiga shan giya, ya ƙi kai ta wurin likita, har ranar da ya dawo daga aiki ya tarar da 'ya'yansa a ruwa. Wane uba ne zai iya tashi kowace safiya da wannan a ƙirjinsa? Kamar yadda hannunka ke janyewa in ya taɓa butar shayi mai zafi tun kafin ka yi shawara, haka hankalinsa ya janye daga ranar. Ya gina masa wani mutum: jami'i mai gaskiya, mijin da aka zalunta. Laifin kuma aka ɗora wa wani mugu mai tabo a fuska, aka ba shi sunansa na ainihi, aka ce je ka nemo shi. Akta da bos mutum ɗaya ne, shi ya sa farautar ba za ta taɓa ƙarewa ba.

[Hoto: allon da likita ya rubuta sunaye huɗu]

Wani zai ce wannan ai tatsuniyar Turawa ce, mutum ba ya tuna abin da bai faru ba. Yana tunawa, malam. A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer a Jami'ar Washington sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyon haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun da motocin ke yi lokacin da suka bugi juna, wasu aka ce lokacin da suka ragargaji juna. Bayan mako guda aka sake kiran su: kun ga fasasshen gilashi? Cikin 50 da aka yi wa tambaya mai zafi, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na ɗaya ɓangaren, 7 ne kawai. Alhali babu ko ɓarɓashin gilashi a bidiyon. Lafiyayyun mutane ne fa, babu abin da ya dame su. Duk lokacin da muka tuna abu, ƙwaƙwalwa sake harhaɗa shi take yi, ta cike gurbin da ya ɓace da abin da ya fi dacewa da labarin da muka riga muka yarda da shi.

Fim ɗin ya ƙara gishiri, babu shakka. A zahiri, yawancin waɗanda suka ga tashin hankali ba mantawa ke damun su ba, tunawa ce ta yi musu yawa: mafarki, firgita, abin ya dawo musu tsakiyar rana. Amma ko wannan Scorsese bai bar shi ba. Ku duba.

[Hoto: mafarkin da yake rungume da matarsa, ruwa na zuba daga jikinta]

Mace ce da aka ce gobara ta kashe, amma jikinta jiƙe sharkaf. Yarinya tana ta zuwar masa tana tambayar don me bai cece ta ba. Gaskiyar tana ƙwanƙwasa ƙofa tun farkon fim.

Yanzu ga wurin da na fi so, wallahi. Zan rage gudun hoton.

[Hoto a hankali: majinyaciya tana kai hannu baki]

Teddy yana yi wa wannan mata tambayoyi. Ta ce tana jin ƙishi, Chuck ya kawo mata ruwa a kofin gilashi. Ta ɗaga ta sha. Ku kalli hannunta. Babu kofi. Hannu ne kawai a lanƙwashe. Da ta sauke, sai ga kofi a kan tebur, fanko. Da yawa sun ɗauka kuskuren masu haɗa hoto ne. A nawa ganin ba kuskure ba ne ko kaɗan. Da idon Teddy muke kallo, shi kuwa ruwa ne abin da hankalinsa ya ƙi gani. Tun a jirgi amai yake yi.

Ga wani. A bakin ƙofa an ce su miƙa bindigogi. Teddy ya zare tasa cikin sauƙi. Chuck, wanda aka ce ya yi shekaru yana aikin tsaro, ya tsaya yana kokawa da kube kamar ranar ya fara gani. Likita ne, ina ya saba? Masu gadin ma ku kalli yadda suke riƙe da bindiga suna zare ido. Ba baƙo suke tsoro ba, sun san shi sarai.

Ke nan kyamara ba ta tsaya gefe kamar mai shaida ba. Ta shiga cikin kansa ta zauna. Abin da ya yarda da shi ta nuna maka, abin da ya ƙi ta goge. Duk wanda ya riƙe wannan, ya samu makullin yawancin finafinan da ke wasa da hankali.

[Hotuna da sauri]

Amma kada a haɗa su duka a kwando ɗaya. Aamir Khan a Ghajini na 2008 duka aka yi masa a kai, ƙwaƙwalwarsa ta daina ajiye sabon abu, bayan minti 15 ya manta, shi ya sa yake rubutu a jikinsa. Wannan rauni ne. Vidya Balan a Bhool Bhulaiyaa na 2007, kowa a gidan ya ce fatalwa ce ta shige ta, likita ya gano hankalinta ne ya rabu ya ari rayuwar wata. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, amma labarin ba a kansu yake ba.

[Hoto: titin Sakkwato da yamma, 'yan kabu-kabu na wucewa]

Abu ɗaya ke sosa min rai da irin waɗannan finafinai. Kusan kullum mai ciwon ƙwaƙwalwa shi ne mai wuƙa a hannu. Mu kuma mu fito mu mayar da "a kai shi Kware" abin dariya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware asibiti ne, mutane na zuwa su karɓi magani su koma gona da kasuwa da aji. Mafi yawansu ba su taɓa cutar da kowa ba, su aka fi cuta. Sai a 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bayan ta yi ta amfani da ta 1958. Matar Teddy ma da an kai ta wurin likita da wuri, da labarin bai kai nan ba.

[Hoto: zaune a kan matakala, likitan na gefensa]

Sai ƙarshen, inda gardama ta fi zafi. Ya amsa gaskiya, ya faɗi sunansa. Daga baya kuma sai ga shi yana kiran likitan da Chuck. An riga an gaya masa in ya sake komawa cikin ruɗin, tiyatar ƙwaƙwalwa za a yi masa, irin wadda ta ba Egas Moniz na Portugal kyautar Nobel a 1949, wadda ta bar mutane da yawa kamar ba su ba. Kuma babban likitan ya ce wata tara da suka wuce ya taɓa warwarewa ya sake komawa. To ciwon ne ya dawo?

Ni dai ina ganin a'a. Kafin ya miƙe, ya tambayi likitan wanne ya fi muni, mutum ya rayu yana dodo ko ya mutu yana mutumin kirki. Wannan tambaya ba ta cikin littafin, a fim aka ƙara ta. Teddy ba shi da dalilin yin ta, don a nasa labarin shi ne mai gaskiya. Andrew ne ya yi ta. Likitan ya kira shi da Teddy, bai waiwayo ba, ya bi masu jinya da ƙafarsa. In akwai wurin da ya yi ƙarya yana sane a duk fim ɗin, to a kan wannan matakalar ne.