Amsoshin Tambayoyinku: Gyaran Sauti a Filin Biki da Cikin Ofis

Mai gabatarwa: Masu sauraro, assalamu alaikum. Yau muna tare da injiniyan sauti, mai aikin ba da shawara kan yadda za a tsara amo a fili da cikin gini. Injiniya, wasiƙar farko daga Argungu ta zo. Wani mai ba da hayar lasifika ya ce a taro irin na bikin kamun kifi a bakin Matan Fada, na gaba kunne kamar zai fashe, na baya kuma ba sa fahimtar komai. Ya tambaya ko ya ƙaro manyan lasifiku?

Injiniya: Malam, ƙarin lasifika a wuri ɗaya ba zai raba ka da wannan matsala ba. A fili, duk sanda nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6. In ka auna 100 a mita 10, za ka sami 94 a mita 20, 88 a mita 40, sai 82 a mita 80. Kana murɗa mikisa, wato na'urar daidaita sauti, don na baya su ji, na gaba kake cutarwa. Desibel 85 ana iya jure shi awa 8, amma 100 minti 15 ne kacal kafin ya fara yi wa kunne lahani.

Abin yi shi ne a ɗaga lasifikun gaba sama da kawunan jama'a, kamar mita 3 zuwa 4, a ɗan sunkuyar da su. Sannan a kafa wasu a tsakiyar fili, misali mita 50 daga dandamali, suna fuskantar baya. To nan ne mutane ke yin kuskure: sai su haɗa waya kai tsaye. Lantarki nan take yake isa, shi kuwa amo tafiya yake a iska, kusan mita 350 a daƙiƙa a irin zafin garinmu. Sai na baya ya ji kowace kalma sau biyu. Dole a saka na'urar jinkirta sauti, a ba ta kusan kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa kan kowace mita. A mita 50, in an yi lissafi daidai, kusan kashi 143 cikin 1,000 ke nan, a ƙara 10 a kai don kunne ya ɗauka daga wajen mai magana muryar ke fitowa.

Ka kuma lura da yanayi. Busasshiyar iskar hunturu tana shanye siraran sautuka, waɗanda su ne ke bambanta "sa" da "sha", don haka magana ke dusashewa daga nesa. Da dare kuwa, in ƙasa da ruwa sun yi sanyi, amo yakan lanƙwaso ƙasa ya yi nisa, har ƙauyen tsallake ya kasa barci. Kada ka gamsu da gwajin rana kaɗai, kuma janareta a kai shi nesa, bayan dandamali.

Mai gabatarwa: Wata Hajiya daga Birnin Kebbi ta ce ɗakin taron ofishinsu mita 6 ne da 5, tsayi mita 3, ƙasa tayil, silin na POP, ga gilashi. In ana taro ta intanet, na can ba sa gane maganarsu. An ce su manna kiret ɗin ƙwai.

Injiniya: Ranki ya daɗe, a bar wa masu kaji kiret ɗinsu. Bai da kaurin da zai sha amo, ga shi abincin gobara. Tayil da gilashi da siminti mayar da sauti suke yi, ya yi ta kai-komo. Ki tafa hannu sau ɗaya a ɗakin, in amon ya wuce daƙiƙa guda kafin ya mutu, ya yi yawa. A ɗakin taro, rabin daƙiƙa ko sama da haka kaɗan ake so.

Kafinta zai iya yi muku allunan shan amo. Ya haɗa firam na katako santimita 60 da 120, a cusa audugar dutse, wadda ake kira Rockwool, mai kaurin santimita 5, a lulluɓe da yadin da in kin hura iska za ta ratsa. Leda ba ta yi. Ɗaki irin naku yana son kamar guda 20. A rarraba su daidai tsayin kunnen mai zaune, a bango biyu masu haɗuwa a kusurwa, saura a rataye saman tebur. In an bar tazarar santimita 5 tsakaninsu da bango, sun fi kama kaurin murya. Labule mai nauyi a taga, kafet a ƙasa, makirufo kuma kusa da baki.

Mai gabatarwa: Ta ƙara da cewa ana jin hirar ofishin shugabansu daga waje.

Injiniya: Wannan daban ne, abin shan amo ba ya tare shi. Sai nauyi da toshe kafa. A leƙa saman silin, sau da yawa bangon da aka raba ɗaki da shi a nan ya tsaya, magana na tsallakawa ta sama. A ƙarasa shi har rufi, a sauya ƙofa mai rami a ciki da ta katako zalla, a saka roba kewaye da ita har ƙasanta.

Mai gabatarwa: Mun gode, Injiniya. Wasiƙun Zuru da Yauri sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.